Kawu Kunne Bayan Dashen Ƙoda

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya haura shekara talatin yana gyaran keken ɗinki. Teloli ne suka laƙaba masa suna Kunne, saboda ba ya buɗe keke sai ya fara sauraronsa. Zai ce wa tela, "Taka in ji." Tela ya taka, shi kuma ya karkatar da kai kamar mai satar jin hira ta bayan ƙofa, sannan ya ce abu kaza ne ya cinye, ko kusa kaza ce ta kwance. Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne. Mu ma a gida Kawu Kunne muke ce masa, bai taɓa nuna ya damu ba.

Shagonsa wani ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da maɓallai da mai yanka gilashi. Benci ɗaya ne a ciki, da teburin da mai ya rina ya koma baƙi, sai kanta mai hawa huɗu cike da gwangwanaye. Kowane gwangwani da irin kusoshin da ke cikinsa, kuma babu wanda aka yi wa rubutu. Kawu yakan miƙa hannu ta baya, bai waiwaya ba, ya ciro wanda yake so. Lambar waya ma bai taɓa rubutawa ba. Idan aka kawo masa keke, zai gaya wa mai shi shekarar da ya taɓa canza masa bel, da hannun wanda keken yake kafin ya saye shi. Mahaifiyata, wadda muke kira Umma, takan ce da an sa shi makaranta ya yi nisa, da yanzu gari ya yi masa kaɗan. Shi kuma ya ce ai gara da ba a sa shi ba, da teloli sun mutu da yunwa.

Hawan jini ne ya fara kama shi, bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Yana da shekara hamsin da bakwai ƙodojinsa suka gaza. Shekara biyu ya yi ana yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu a kan kujera. Ya rame, ya yi duhu, ruwan da zai sha ma sai an auna masa. Da likitoci suka kawo maganar dashe, mutum biyar ne a dangi suka je gwaji. Umma ce ta dace.

Da farko Kawu ya ƙi. Ya ce shi ne babba, shi ya kamata ya ba ta, ba ita ta ba shi ba.

Umma ta ce, "Yaya, tun muna yara kake ƙwace min abin hannuna. Yau da na ba ka da kaina kake jin kunya?"

Ana saura kwana biyu a yi aikin, likitar da ke sa marasa lafiya barci kafin tiyata ta zo ganinsa. Ina wurin, don ni nake kai su asibiti da mota. Ta tambaye shi magungunan da yake sha, ta duba bakinsa da wuyansa, sannan ta ce akwai abin da take so mu sani. Wasu mutane, musamman waɗanda suka fara manyanta, sukan farka daga maganin barcin nan a ruɗe. Wani kwana ɗaya zuwa uku, wani kuma sai ya yi makonni yana jin kansa ba daidai ba, yana mantuwa.

Kawu ya yi dariya ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Likita, abin da ke cikin nan ko da guduma ba ya gogewa."

Ta yi murmushi ta ce Allah ya sa, amma dai ta gaya mana.

Aikin ya yi kyau. Umma ta farka lafiya, abin da ta fara nema shi ne tabaraunta. Kawu kuwa kwana biyu ya yi ba a hayyacinsa ba. Ya ɗauka na'urar da ke auna bugun zuciyarsa keke ne da aka kawo gyara, yana ta ce wa nas ta rage gudu, za ta karya allura. Ya tambayi matarsa, wadda muke kira Anti, ko mahaifiyarsa ta iso, alhali ta rasu tun ina goye. Anti ta fito baranda tana hawaye. Nas ɗin ta ce mata kada ta yi gardama da shi, ta riƙa gaya masa a hankali inda yake da ranar da ake ciki, a buɗe labule ya ga hasken rana. A rana ta uku ya dube ni ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi, Malama, don ina koyarwa a firamare. Ya ce yaushe za a yi aikin ne. Na ce an yi tun shekaranjiya. Bai yarda ba sai da ya shafa bandejin.

Sabuwar ƙodar ta kama aiki. Amma jiki ba ya son baƙo, zai yi ta yaƙar abin da ba nasa ba, ko da daga ƙanwarka ya fito. Don haka aka ɗora shi a kan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, safe da yamma, a kan lokaci, har ƙarshen rayuwa. An ja masa kunne sosai cewa tsallake su na iya sa jiki ya ƙi ƙodar. Wannan maganar ta zauna masa daram, ita kam bai manta ba.

Wata uku ya yi a gida. Fuskarsa ta ciko ta yi zagaye, launinsa ya dawo, yana shan ruwa son ransa. Hannunsa ne ya fara rawa, idan ya ɗauki kofi sai ka ji cokali yana kaɗawa a ciki. Sai kuma ƙananan abubuwa. Na gaya masa an canza min makaranta, ya yi min murna. Bayan kwana biyu ya tambaye ni ya tsohuwar makarantar, na sake gaya masa, ya sake yi min murna kamar bai taɓa ji ba. Yakan tashi daga falo ya shiga ɗaki, ya tsaya a tsakiya yana dube-dube, ya fito hannu rabbana. Idan Anti ta yi magana sai ya mayar da abin wasa, ya ce ƙodar mace aka sa masa, dole ya riƙa shiga ɗaki yana mance abin da ya kai shi. Umma ta ce kada ya kuskura ya ɗora wa ƙodarta laifi, ita ba ta taɓa mance komai ba sai shekarunta.

Tsofaffin abubuwa suna nan yadda suke. Zai ba ka labarin keken farko da ya gyara, har da kalar fentinsa. Abin jiya da na ɗazu ne ba sa zama.

Da ya koma shago, hannuwansa suka ci gaba da aikin da suka sani, duk da rawar. Sai dai wata rana mai yanka gilashi ya tare ni a bakin benen ya ce yana so in sani, jiya Kawu ya gyara wani keke ya rufe, yau da safe ya sake kwance shi yana neman abin da ya lalace. Wani tela kuma ya zo karɓar nasa, Kawu ya rantse bai kawo komai ba, ga keken nan a ƙarƙashin tebur. Maƙwabcin ya ce ba don gulma ya faɗa ba. Na ce na sani.

Akwai wani kamfani mai ɗinka kayan makaranta da Kawu ya shekara goma sha biyar yana kula da kekunansu, sun kai arba'in. Wata biyar bayan aikin, manajan ya kawo sababbi guda shida masu kwamfuta, irin waɗanda ke da ɗan allo a gaba, idan wani abu ya samu sai su nuna lamba. Aka turo wani injiniya ya koyar na kwana uku. Manajan ya ce Kawu ya zauna a gaba, don shi ne zai riƙa kula da su.

Ranar farko ya dawo yana jin daɗi. Ya ce abin ba wuya, ya gane komai, keke dai keke ne ko an sa masa talabijin. Washegari da injiniyan ya ce a maimaita na jiya, Kawu ya nemi abin a kansa ya rasa. Ya san an yi bayani, ya tuna rigar da mutumin ya sa, amma wane maɓalli ake fara dannawa, babu. Ya sake saurara, ya sake ganewa. A rana ta uku injiniyan, da niyyar girmamawa, ya ce babbanmu ya taso ya nuna wa sauran yadda ake saita tsawon ɗinki. Kawu ya tsaya a gaban keken, teloli ashirin suna kallo, yatsansa yana rawa a saman allon. Wata daga cikinsu ta raɗa masa amsar. Ya danna, ya koma ya zauna.

Daga can gidanmu ya wuto, bai je nasa ba. Ya zauna a kujerar roba a tsakar gida, ya ƙi shan ruwan da na kawo. Can ya ce wa Umma, "An sa min ƙoda, an cire min kai."

Umma ta ce, "Yaya, kada ka faɗi haka."

"To me zan ce? Yaran da na koya wa riƙon sukudireba su suke raɗa min amsa."

Umma ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Anti ce ta gano bakin zaren, ba tare da ta san ta gano ba. Ta kira ni ta ce maganin wata guda ya ƙare, ga shi wata bai wuce kwana ashirin da biyu ba, ko masu ba da magani ne suka yi kuskure. Muka je asibiti a ranar da aka ba shi, aka ɗebi jini da safe kafin ya sha na ranar, kamar yadda aka saba. Da sakamako ya fito, likitan ƙoda ya juyo da takardar wajenmu. Ya ce maganin ya yi yawa a jininsa, ya kusa ninka abin da ake so.

Ya ce, "Baba, yaya kake shan maganin nan?"

"Yadda kuka ce. Safe da yamma."

"Akwai ranar da kake shakkar ko ka sha?"

Kawu ya dubi ƙasa. Ya ce kusan kullum.

"Idan ka yi shakka, sai ka yi yaya?"

"Sai in ƙara sha." Sannan ya ce, "Likita, ƙodar nan ba tawa ba ce, amana ce. Yarinyar nan an yanka cikinta saboda ni. Gara in sha sau biyu da a ce ta lalace a hannuna don na manta."

Yarinyar da yake nufi Umma ce, mai shekara hamsin da huɗu, tana zaune a gefensa da jaka a cinya. Ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi.

Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya ce yawan maganin yana ƙara rawar hannu, yana hana barci mai kyau, yana kuma dagula tunani, wato mantuwa tana sa shi ƙara sha, ƙarin shan yana ƙara masa mantuwa. Ya ce ita kanta ƙodar da yake karewa, yawan maganin yana iya yi mata illa. Na tambaye shi ko maganin ne kaɗai ya jawo mantuwar. Ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, abubuwa uku ne suka haɗu: shekarun da ya yi jininsa ba ya tacewa sosai, da babban aiki da maganin barci a irin shekarunsa, da kuma waɗannan ƙwayoyin. Babu awon da zai raba ya ce wannan ya ɗauki kashi kaza. Abin da yake hannunmu shi ne na ukun, shi za mu gyara mu ga abin da zai dawo. Ya kuma ɗaga yatsa ya ce kada jin haka ya sa Kawu ya rage da kansa ko ya daina. Ragewa aikinsu ne, da awon jini.

Muka sayo akwatin magani mai gida goma sha huɗu, na safe da na yamma na kwana bakwai. Anti take zubawa ranar farkon mako. Idan gida ya zama fanko, an sha ke nan, babu gardama. Na saita masa ƙararrawa a waya. Kwanakin farko sai ya tsaya yana kallon gidan da babu komai yana cewa anya kuwa, Anti ta ce, "Malam, a gabana ka haɗiye, har ka ce ruwan ya yi sanyi." Cikin makonni shida ana awo ana daidaitawa, rawar hannun ta ragu, ya fara barci sosai, ya daina tambayar abu ɗaya sau uku. Ya koma sau biyu, in ji Anti, kuma wannan tun da can haka yake.

Wata Asabar ya zo ya same ni ina duba littattafan yara. Ya ja kujera ya ce, "Malama, tambaya na zo yi, kada ki yi dariya. Yaran nan naki da karatu ba ya zama a kansu, yaya kike yi da su?"

Na ce kaɗan-kaɗan nake ba su, abu ɗaya a rana. Da safe, kafin su gaji. Gobe a maimaita na jiya kafin a ƙara sabo. Kuma ba na barin su da ji kawai, sai sun yi da hannunsu.

Ya ce, "To ki ɗauka an kawo miki ɗan aji ɗaya mai furfura."

Ya je ya sami manajan ya gaya masa gaskiyar halin da yake ciki. Anti ta ce wannan tafiyar ta fi masa tiyata wuya. Manajan ya amince ya riƙa shiga awa ɗaya kafin teloli su iso, ya zauna da keke ɗaya. Na yanka masa kwali ƙanana. Kowace lamba da keken ke nunawa da katinta, a baya ya zana da hannunsa abin da ake yi, don ya ce rubutuna ya yi masa kyau da yawa, ba ya shiga kansa. Mutumin da bai taɓa rubuta lambar waya ba ya koma yawo da kati a aljihun gaba, an ɗaure da roba. Yakan danna maɓallan sau goma, sau ashirin, har yatsun su riƙe abin da kai ya ƙi riƙewa. Akwai ranakun da yake dawowa ya ce yau kam an zuba ruwa a kwando. Akwai satin da ya ajiye katunan ya ce ya gaji, keken da ba ya ƙara balle mutum ya ji ciwonsa ba keke ba ne. Da Litinin ta zo ya ɗauka ya tafi.

Abin da sauran suka koya a kwana uku, shi wata huɗu ya ɗauke shi. Saiti da lambobin matsala ya iya su. Amma ɓangaren wayoyi da allon cikin injin bai taɓa zauna masa ba, kuma da kansa ya faɗa. Manajan ya ɗauko wata mata da ta karanci lantarki ta riƙe wannan ɓangaren, Kawu ya ci gaba da ƙarafa, da allura, da duk tsofaffin kekunan. Abin ya sosa masa rai. Ya yi kusan wata ba ya ambaton kamfanin. Daga baya suka saba da matar, har takan kira shi idan ta duba allo ta ga komai daidai amma ɗinki yana tsalle.

Yanzu shekara huɗu ke nan da aikin. Yana da sittin da uku. Yakan buɗe shago da safe ya rufe wajen ƙarfe biyu, don ya lura bayan nan kansa yana yin nauyi. Gwangwanayen nan duk an manna musu takarda. Kowane keke da aka kawo ana ɗaura masa kati da bayanin mai shi da ranar da ya zo. Kafin ya kwance wani abu mai sarƙaƙiya sai ya ɗauki hoto da waya, mataki-mataki, har wayar ta cika da hotunan kusoshi. Zura zare a allura ne har yau yake ba shi wahala idan hannun ya motsa, sai ya miƙa wa mai keken ya ce ai wannan aikin tela ne. A asibiti duk bayan wata shida akan gaya masa kalmomi biyar, a yi wata hira, sannan a ce ya maimaita. Da farko biyu yake kawowa. Yanzu huɗu, wata rana biyar. Ƙodar tana aiki lafiya, ta Umma da ta rage mata ma haka.

Abin da bai dawo ba shi ne watanni biyun farko bayan aikin. Ya ce wurin kamar an yage shafuka ne daga littafi. A cikin kwanakin ne babbar 'yarsa ta haihu, jikarsa ta fari. An kawo masa ita gida, ya sa takunkumi a fuska, aka wanke masa hannu aka ɗora masa ita a cinya, ya daɗe yana kallonta yana cewa kunnuwanta irin nasa ne. Duk muna wurin. Shi bai tuna ko kaɗan ba. Da farko yakan sa a ba shi labarin, ya rufe ido yana ƙoƙarin kamo wani abu, ya buɗe ya girgiza kai. Daga baya ya daina nema. Ya sa aka wanke hoton da aka ɗauka ranar, ya kafa shi a bangon shago a saman kanta. Idan abokin ciniki ya tambaya, sai ya ce jikarsa ce tana da kwana tara, an ce ranar ya yi murna ƙwarai.